Faifan da ban kai ba

Ni ne na yi laifi, kuma babu wanda ya sa ni. Na faɗi haka tun farko don kada mai karatu ya zauna jiran uzuri a ƙarshe. Wani mutum ya ba ni amanar faifan waƙoƙinsa in kai wa wani. Ban kai ba. Na dawo na ce masa na kai, an saurara, an ƙi. Ya yarda da maganata har shekara biyu da 'yan watanni.

A lokacin, farkon shekarun dubu biyu, ina ci-rani a ƙasar Turawa, ina zaune a unguwar Glenwood, a wani tsohon gidan katako da muke haya mu uku. Karatuna bai wuce lakkol, wato makarantar boko ta ƙananan yara, a Maraɗi ba. Aikina kula da dawaki ne a wata gona a Summerfield: in kwashe kashi, in zuba abinci, in wanke kwamin ruwa, in yanke ciyawar fili da inji. Kowace Lahadi bayan la'asar nakan taka da ƙafa zuwa barandar wani dattijo, Alhaji, mutumin Damagaram mai tuƙin tasi. Shi ke dafa mana shayi a kurfoti da gawayin gashin nama na kanti, domin ya ce shayin da aka dafa a kan lantarki ruwan zafi ne kawai. Ba a tashi sai an sha kofi na uku.

Abin da ya haɗa mu ba siyasa ba ne, ba kuma ƙwallo ba. Waƙoƙin samarin nan ne huɗu 'yan Ingila masu jita, waɗanda suka cika duniya tun kafin a haife ni. Ni na fara jin su a rumfar wani mai gyaran rediyo a Maraɗi, na haddace muryar ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Alhaji ya ji su yana saurayi. Na ukunmu kuwa shi ya fi mu sanin su a hannu, domin yana kaɗa jita. Mutumin Jos ne, Kirista, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, ranar Lahadi kuma yana kiɗa a cocinsu. Daga coci yake biyowa, da rigar ado da jitarsa a baya. Ya girme ni da kusan shekara goma, saboda haka nake ce masa Yaya. Shi kuma Ɗan Maraɗi yake kirana.

Gardamarmu da ba ta ƙarewa guda ɗaya ce. Kafin samarin nan su yi suna, sun je wani babban kamfanin faifai a gwada su, kamfanin ya ƙi su ya ɗauki wasu. An ce ma an gaya musu cewa zamanin masu jita ya wuce. Alhaji ya tsinci faifan wannan gwajin a wani shagon tsofaffin faifai kusa da jami'a, sai ya zama kusan kowane mako sai an sa shi.

"Wannan mutumin kamfani," in ji Alhaji yana ɗaga buta sama don kumfa, "wallahi da a tasi na ɗauko shi, a tsakiyar hanya zan sauke shi."

"Alhaji, ka dai saurara da kyau," na ce. "Ka ji mai gangar nan? Kamar mai daka da ta gaji. Muryoyin ma rawa suke yi. Ni da ni ne a kujerar, abin da ya yi zan yi."

Mai jita ya yi dariya. "Ɗan Maraɗi, ka taɓa tsayawa gaban makirfo? Yaran nan sun sha doguwar hanya cikin sanyi, da safe aka ce su buɗe baki. Kai ko gaisuwa aka tashe ka ka yi, sai ka yi tari sau uku."

"Bar shi," in ji Alhaji. "Shi waƙarsa ɗaya ce, kiran dawaki su zo su ci."

Na ji zafin wannan, ko da yake wasa ne. Su biyun suna da abin nunawa: ɗaya shekaru, ɗaya jita. Ni ba ni da komai sai kunne, shi ma kunnen suna raina shi. Sai na jawo maigidana cikin zancen. Baturen da nake yi wa aiki dattijo ne da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar sauti, kuma yana da ƙaramin situdiyo a bayan rumbun dawaki, inda mawaƙan gari da na coci ke zuwa. Wannan gaskiya ne. Abin da na ƙara shi ne ƙarya. Na ce ni da shi muna shan kofi tare. Na ce yakan kira ni ciki ya ce in saurara in gaya masa ra'ayina. Gaskiyar ita ce yakan ɗaga mini hannu daga nesa, ya gaya mini dokin da za a ware wa abinci, ya wuce. Ban taɓa taka cikin ɗakin nan ba. Amma na faɗa sau ɗaya, na ga Alhaji ya kalle ni da sabon ido, sai na yi ta maimaitawa ina ƙara gishiri.

Wata Lahadi na zo da mota. Da muka tashi, mai jita ya ce zai taka mini. Ba al'adarsa ba ce, domin ni ke rakiyarsa. Da muka isa wurin motar ya zaro wata ambulan daga aljihun jakar jita, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Ɗan Maraɗi, waƙoƙina ne, guda shida, da Hausa. A kicin na ɗauka. Ni ba zan iya zuwa gaban mutumin da ban sani ba in ce ga ni. Amma tun da kai naka ne, ka miƙa masa. Kada ka matsa masa. In ya saurara kawai, ya gaya mini ko akwai wani abu a ciki ko babu, ya wadatar."

Nan ne ya kamata in ce, Yaya, na yi ƙarya, mutumin nan bai san ra'ayina ba. Amma a wurinmu babba ba ya roƙonka abu da hannu biyu ka ce a'a. Haka na gaya wa kaina. Na karɓa na ce, "In sha Allah gobe-goben nan."

A hanyar aiki na sa faifan a mota. Na ji waƙa ta farko, na ji rabin ta biyu. Ana jin ƙarar firji a baya, a wani wuri ma murfin tukunya ya faɗi. Muryarsa ta fito siririya, ba kamar yadda nake jin ta a baranda ba. Na kashe, na ce a raina wannan bai kai ba, zan ji kunya in miƙa shi. Na ji daɗin wannan hukunci ƙwarai, domin ya sauke mini nauyi. Yanzu na san ba firji na ji tsoro ba. Tsorona shi ne Baturen ya ce a kawo mai waƙar, su zauna, a gane cewa ni ɗan kwasar kashi ne da ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba. Ran nan sau biyu na doshi ƙofar situdiyo da ambulan a cikin riga, sau biyu na juya. Da yamma na buɗe aljihun gaban mota na tura ta ƙarƙashin takardun inshora.

Bai tambaye ni ba. Wanda ya san mutanenmu ya san ba zai tambaya ba. Ya ba da saƙo, sauran na ɗan aike ne. Lahadi ta farko ya kalli fuskata da na shigo, ya mayar da ido kan jitarsa. Ta biyu haka. Ta uku haka. Da ya matsa mini, watakila da na fashe na faɗi gaskiya. Shirunsa ne na kasa ɗauka. A Lahadi ta huɗu ni da kaina na bi shi bakin titi.

"Yaya, ya saurara."

Ya tsaya cak. "To?"

Ban shirya abin da zan ce ba, sai bakina ya ɗauko abin da ya saba ji kowane mako. "Ya ce muryarka tana da kyau. Amma ya ce irin wannan, mutum ɗaya da jita, zamaninsa ya wuce. Babu kamfanin da zai ɗauka."

Ya bi wani ɗalibi da ya wuce a keke da kallo. Can sai ya yi 'yar dariya. "Ashe abin da aka gaya wa samarinmu aka gaya mini." Sannan ya ce, "Duka ya saurara?"

"Duka shida."

"Har ta ƙarshe, wadda na yi wa Mama?"

"Ita ma ya fi so," na ce. Ban san akwai waƙar mahaifiyarsa a ciki ba sai a wannan lokacin.

Ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce na yi masa abin da ɗan'uwa ke yi.

Mako na gaba shi da kansa ya ba Alhaji labari. Alhaji ya buga cinya ya ce, "To madalla! Kai ma ka shiga sahun manya. Saura ka tara gashi har goshi." Aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin mu tashi mai jita ya miƙo mini wani kwano a leda. Dambun nama ne da matarsa ta yi, cike har baki. Ya ce in kai wa Baturen, ba don komai ba sai don ya ba da lokacinsa ya saurara, kuma bai kamata a bar mutum babu godiya ba.

Wannan shi ne abin da na fi jin kunyar rubutawa. Dambun nan ni na cinye shi. Kwana biyar ina ci da burodi a bayan rumbun dawaki lokacin hutun rana. Na wanke kwanon na mayar, na ce Bature ya ce a gai da madam, bai taɓa cin nama irin wannan ba. Matar ta ji daɗi har ta ce za ta sake yi. Na ce kada ta wahalar da kanta, likita ya hana shi yaji.

Daga nan abubuwa suka canza a hankali, yadda ba za ka iya nuna ranar ba. Ya ci gaba da zuwa, amma wani lokaci babu jitar. Ya ce tana da nauyi a bas. Da can yakan kaɗa mana wani sabon abu nasa tsakanin kofi na biyu da na uku, ya ce mu ji wannan, bai gama ba tukuna. Wannan ya tsaya. Idan Alhaji ya matsa, sai ya kaɗa na samarin Ingila ya ajiye. Daga baya shi da iyalinsa suka samu gida a Pleasant Garden, can bayan gari, nisa ya shiga, zuwansa ya koma sau ɗaya a wata. Na haɗu da matarsa a shagon kayan abincinmu na gida, na tambaye ta Yaya da waƙa. Ta ce, "Ai ƙanena, Yayanka ya ajiye rubuta waƙa. A coci ma wasu yake kaɗa wa, shi ba ya buɗe baki. Ya ce masani ya gaya masa gaskiya, gara ya san matsayinsa." Ta faɗa ba da ɗaci ba, tana zaɓar kuɓewa. Na ɗaukar mata buhun shinkafa zuwa mota, na ji kamar na biya wani abu. Ban biya komai ba.

Duk tsawon wannan lokaci faifan yana cikin motata. Kowace shekara in na canza takardar inshora sai na taɓa shi. Ban jefar ba, ban kuma saurara ba.

Bayan shekara biyu, wata Lahadi da ganye ya fara zuba, ya zo baranda. Alhaji don murna ya sa faifan gwajin nan, ya fara zagin mutumin kamfani kamar kullum. Ni kuwa na daɗe da daina shiga wannan gardama, kuma babu wanda ya lura da dalili. Sai mai jita ya ajiye kofinsa.

"Alhaji, ni fa na sauya ra'ayi. Na koma bayan Ɗan Maraɗi."

"Kai ma? Me ya ba ka ka sha?"

"Ba wai na ce hukuncinsa daidai ne ba. Amma mutumin nan ya buɗe musu ƙofa, ya ba su wuri, suka yi waƙoƙinsu har ƙarshe, sannan ya ce a'a. Wannan ba zalunci ba ne. Kuskure ne, kowa na yi. Da ya ƙi saurara ne zan zage shi tare da kai. Ni ma ai an saurare ni, duka shida, an gaya mini gaskiya. Da farko ya yi ciwo. Yanzu na huta, na daina yaudarar kaina."

"Samarin ai ba su huta ba," in ji Alhaji. "Sun tafi wani wurin."

"Su yara ne, Alhaji. Ni ina da sito da iyali. Sau ɗaya nake da ƙarfin tambaya, na kuwa tambaya."

Alhaji ya miƙo mini kofi na uku, mai zaƙin, na ce cikina ba daidai ba. Bai taɓa jin na ƙi shi ba, har ya tambaye ni ko in je asibiti. Motata tana fake taku goma daga inda muke zaune.

Ko da haka ban faɗi gaskiya ba. Na ƙara kusan wata biyu. Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne a gona. Baturen ya sayar da wurin zai koma kusa da 'yarsa a wata jiha, aka ce mu taya loda kayan situdiyo a babbar mota. Ranar na fara shiga ɗakin nan. Ina ɗauke da sandar makirfo, ya tsaya kusa da ni yana kallon bangon da ya zama fanko. Ya tambaye ni ko a cikin mutanenmu na nan garin akwai masu kiɗa. Ya ce shekara da shekaru yana so ya ɗauki wani abu da harshenmu, amma bai san ta inda zai tambaya ba, kuma ya ga ni ba mai yawan magana ba ne. Ya faɗa ne kawai, kamar mai zancen ruwan sama. Na ce masa akwai wani. Ya ce kash, da na gaya masa da wuri. Ya ɗauki wani akwati ya fita.

Ban ce da na kai faifan da an ɗauke shi ba. Ban sani ba. Watakila da Baturen ya saurara ya ce a'a. Amma da a'ar ta gaskiya ce, daga bakin wanda ya ji. Wadda na ba shi tawa ce, na ƙera ta da waƙa ɗaya da rabi, na liƙa wa wani.

Ranar Asabar da hantsi na kama hanyar Pleasant Garden. Kafin in shiga layinsu na tsaya a gefen titi, na fito da ambulan. Ta yi laushi, gefenta ya yi baƙi da man hannu. Na sa faifan na saurara tun daga farko har ƙarshe, da firjin da murfin tukunyar da komai. Ta shida ita ce ta mahaifiyarsa, tana maganar yadda take tashi ta gasa masara a bakin hanya don su je makaranta. Ba zan ce tana da kyau ko ba ta da kyau ba. Na riga na yi hukunci sau ɗaya, ya ishe ni.

Na same shi a fili yana tara busasshen ganye da manjagara. Ya yi mamaki, ya yi murna, ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo ruwa, Ɗan Maraɗi ya yi ɓatan kai. Muka yi gaisuwa mai tsawo, aiki, iyali, Alhaji, sanyi. Ya jawo mini kujera a baranda. Ban zauna ba. Na tsuguna a ƙasa gaban matakala, yadda ake yi a gida in za a ba babba haƙuri.

"Lafiya? Tashi mana, wandonka zai ɓaci."

Na ajiye ambulan a kan matakala. Ya kalle ta. Rubutun hannunsa ne a jiki, sunayen waƙoƙi shida a jere. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu.

Na ce, "Yaya, faifanka ne. Bai taɓa fita daga motata ba. Baturen nan bai ji ko ɗaya ba, bai ma san kana duniya ba. Ni da shi ba abokai ba ne, ban taɓa shan kofi da shi ba, ƙarya na yi muku don ku ga ni ma wani ne. Maganar da na ce ya faɗa, ni na faɗe ta, kuma waƙa ɗaya da rabi kawai na ji. Dambun da Anti ta yi, ni na cinye. Yanzu ya sayar da gonar ya tafi, kuma kafin ya tafi ya ce da ma yana neman mai waƙa da harshenmu. Ka ajiye rubutu shekara biyu saboda maganar da babu wanda ya yi sai ni. Babu wanda ya ƙi ka, Yaya, ba a ma saurare ka ba tukuna. Ban zo don ka ce ba komai ba, domin da komai. Na ci amanarka, na cuce ka, na cuci Anti. Don girman Allah ku yafe mini."